Muryar da Iya Ta Ƙi Amsawa

Azumin bana ya zo mana a tsakiyar bazara, kuma wallahi ya gasa mu. Shekaranjiya da rana tsaka ina kishingiɗe a falo, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, sai na ji an ƙwala mini kira daga waje: "Hajiya Uwani!" Muryar maƙwabciyata ce, na san ta sarai. Amma bakina ya ƙi buɗuwa. Ta sake kira, na yi shiru. Sai da ta turo ƙofa na ga fuskarta da idona sannan na ce, "Na'am."

Ta ce, "Au, kina ciki kika bar ni ina ta rafka kira kamar mai tallar gawayi?"

Na ce barci ne ya ɗan sace ni. Ƙarya na yi mata da bakin azumi, Allah ya yafe mini. Wani azumi ne ya faɗo mini a rai, sama da shekara talatin ke nan, zamanin soja, wanda shi ma ya zo a irin wannan zafin. Shekarar ce kakata ta daina amsa mini.

Gidanmu yana cikin birni, ba nisa da Ƙofar Galadima, tsohon gidan ƙasa mai zaure biyu. Babana ɗinkin hannu yake yi, aikin manyan riguna, yana zaure daga hantsi har la'asar da allura a hannu. Umma tana cikin gida, ba ta fita. Sai Iya, mahaifiyar Baba. Ita ta yaye ni, a ɗakinta na tashi. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa faɗin sunana na yanka ba, sai dai Uwani, har ya bi ni zuwa yau.

A lokacin shekara bakwai ke nan da yanar ido ta makantar da Iya. Amma kunne, tabɗi! Tana zaune a kan tabarma tana kaɗi, mazari yana juyawa a cikin 'yar tasa, sai ka ji ta ce, "Ga Lami mai ƙuli nan ta shigo zaure, kuma yau ranta a ɓace yake." Ka ɗaga ido, ga Lami, fuska a murtuke. Ta san kowa da muryarsa, da tarinsa, da yadda yake jan takalmi.

Tana da doka guda. Ba a amsa kiran da ba a ga mai shi ba, balle da rana tsaka, lokacin da mutanen ɓoye suke yawo. Suna aron muryar ɗan'uwanka su kira ka da ita, in ka amsa ka ba su hannu ke nan. Duk ɗan birni ya san wannan, amma yawancin mutane a baki kawai suka riƙe shi. Ita Iya a jininta yake. Tana yarinya yayarta ta amsa wani kira a gindin ganuwa, ta dawo gida tana wani yare da ba mai ji, kwana uku ta cika. To ga shi yanzu Iya ba ta ganin kowa. Sai ta mayar da dokar ta kunne: muryar da ta sani ciki da bai ita take amsawa, wadda ta yi mata baƙo-baƙo kuwa ko ta shekara tana sallama.

Kuma tun ina 'yar shekara bakwai, kowane azumi ni nake ba ta ruwan buɗa-baki. Da an kira magariba zan ɗebo a 'yar moɗarta, in durƙusa in ce, "Tsohuwa, ungo, kada ki mutu a kaina." Ita kuma ta ce, "Ja'ira, sai na ga furfurar 'ya'yanki." Sannan ta karɓa. Wasan jika da kaka ne, kowa ya sani. Ba ta karɓa a hannun kowa, ko na Baba.

Zafin shekarar ba zan iya kwatanta muku shi ba, sai dai in faɗi abin da na gani. Katangar ƙasa da aka sani da sanyi, in ka jingina da ita bayan la'asar sai ka zabura. Ƙadangaru suna laɓe ƙarƙashin indararo baki buɗe. Kaji sun daina ƙwai. Ƙurajen zafi sun feso wa kowa a wuya da gadon baya. Ana raɗe-raɗin sanƙarau, saboda haka duk wanda ya ce wuyansa na ciwo sai gida ya yi tsit. Famfon ƙofar gida tun kafin a ga wata ya daina ko tari. Rijiyarmu ta koma taɓo, guga ya sauka ya dawo da laka.

Ga yadda ranarmu take. Gari na wayewa ni da 'yan matan unguwa mu ɗauki bokiti mu tafi gidan wani Alhaji mai rijiya mai zurfi, mu bi layi. Bokiti biyu ake ba kowane gida, in an yi sa'a uku. In dawo in juye a randa guda, a bar shi ya kwanta. Na sha daban, na alwala daban, wanda aka ɗauraye kwano da shi a yayyafa a ɗakin Iya don ƙasa ta yi sanyi. Daga nan in sa kayan makaranta in fita bakin titi in hau bas zuwa wajen Kongo, inda nake ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai. Saboda azumi ana tashinmu da wuri, kafin azahar na dawo. Umma ta jiƙa tsamiya, ta surfa gero, a aika niƙan wake. Tsakanin azahar da la'asar kuwa birni mutuwa yake yi. Ba talla, ba kukan yaro, ko awaki sun yi lamo. Kowa ya nemi inda zai shimfiɗa haƙarƙarinsa ya jira rana ta karya. Abin da kawai ake ji a gidanmu shi ne mazarin Iya. Yanzu ina da tanki a kan rufi da firji cike da ƙanƙara, amma har gobe in na ga an bar famfo yana zuba sai in ji kamar jinina ne.

A wannan zangon aka ba mu wani tsohon wasan kwaikwayo na Turawa, za mu yi jarrabawa a kansa, kuma bayan Sallah mu nuna shi a gaban iyaye. Labarin wata 'yar talakawa ne da aka ɗauko daga titi aka gyara mata harshe, har ta shiga cikin manya ba wanda ya gane asalinta. Mai koya mana ita ce Malama Rifkatu, 'yar Wusasa, Bahaushiya kamar mu, amma Turanci a bakinta sai ka ce ta haɗiye rediyo. Mace mai kirki, mai zafin aiki. Ni ta ba wa matsayin yarinyar, kuma ni ta sa wa ido.

"Uwani, ɗaga kanki," in ji ta. "Ke ba magana kike yi ba, haƙuri kike ba ƙasa. Dubi idona. Buɗe bakin nan."

Ta koya mana cewa kafin ka ari maganar mutum sai ka ari jikinsa. Yaya yake tafiya? Ina yake ajiye numfashinsa, a ƙirji ko a ciki? Me yake yi da hannunsa in ya ji kunya? Ta ce kuma sai kowacce ta ji muryarta da kunnenta kamar ta wani, masu rikoda su ɗauka su saurara. Mu ina muka ga rikoda? Rediyon Baba ma sai an buga masa gefe yake magana.

Ni fa littafin nan ya shige ni. Ina karantawa ina ganin kaina. A ajinmu akwai 'ya'yan ma'aikata da na malaman jami'a, waɗanda in na buɗe baki sai su haɗa ido su danne dariya, su ce 'yar cikin birni ta fara. Na ce a raina, ashe harshe ma riga ne, ana cirewa a sa wata. To ni 'yar maɗinki ce, zan ɗinka tawa.

A can ƙuryar gidanmu, bayan ɗakin Iya, akwai wani tsohon soro da ba a kwana a ciki tun rasuwar kakana. Nan aka jera manyan randunanmu guda biyar, duk a bushe, tunda ba abin zubawa. Wata rana na leƙa cikin babbar don in ga ko da saura, na ce, "Kai!" Sai randa ta dawo mini da shi, da kauri, daga can ƙasa, kamar wani ƙato ne a zaune ciki. Na yi tsalle don murna. Ga rikoda Allah ya ba ni.

Daga ranar, da an idar da azahar gida ya kwanta, sai in ɗauki littafina in shige soron. Maganar yarinyar tun tana 'yar titi in yi ta da tsawa da karkace baki. Maganarta bayan ta waye in yi ta a hankali, ta hanci, kowace kalma a wanke. Maganar mazan kuma in tura kaina cikin randa in yi, ta dawo mini da muryar namiji. Murya uku ke nan, mutum ɗaya, da rana tsaka, a ɗakin da ba kowa, cikin yaren da ba mai ji a gidan. Bango ɗaya ne tsakanina da Iya. Ni 'yasu, ko sau ɗaya ban yi tunanin wannan ba.

Ba zan ɓoye ba, soron yana da wani abu. Haske ɗan siriri ne yake shigowa ta taga. Wari irin na jemage da tsohuwar ƙasa. Wani lokaci in na yi shiru don in juya shafi, sai in ji kamar randar ba ta gama ba, tana ɗan gunji bayan na rufe baki. In ce ƙishi ne yake kaɗa mini kunne, in ci gaba. Maƙogwarona ya bushe, muryata ta dishe, ta yi wani kauri da ban san ta da shi ba. Malama Rifkatu ta ce yanzu na fara zama mutum.

A gida ma na fara canzawa, kuma ina sane, ina jin daɗi. Na daina jan takalmi. Na daina dariya da baki buɗe. Gaisuwa in yi ta a taƙaice. Sai kuma na dubi wannan "kada ki mutu a kaina" na ga ai ƙauyanci ne, wace wayayyiya ce take gaya wa tsohuwa haka? Ran sha ɗaya ga wata da aka kira magariba na ɗebo ruwa, na durƙusa a tsanake, na ce, "Ga ruwa, Iya. Bismilla."

Mazari ya tsaya. Ba ta miƙo hannu ba.

"Iya, an sha ruwa. Ga shi."

Ta juya fuskarta bango. Leɓenta yana motsi, na matsa kusa na ji Ayatul Kursiyyu take karantawa. Can ta ɗaga murya ta kira Umma da sunan da take kiranta: "Amarya! Zo ki ba ni ruwa."

Umma ta zo hannu duk ƙullun ƙosai, ta ce, "Iya, ai ga Uwani nan a gabanki da moɗa."

"Ba ita ba ce."

Dariya na yi, wallahi. Na ce tsufa ne, gobe za ta manta. Gobe ta yi, na yi sallama a ƙofarta da safe, shiru. Na dawo daga makaranta na gaishe ta, shiru. In na shiga ɗakin sai ta janye ƙafafunta ta lulluɓe su da zane. Ta sa aka fitar da tabarmata daga ɗakin da na kwana a ciki shekara goma sha tara.

Baba ya zo ya durƙusa a gabanta yana lallashi. Ina bakin ƙofa ina ji.

"Iya, karatu ne. Wasa aka ba su a makaranta, kamar dai tashe. Ita take yin muryoyin nan duka."

"Tashe da rana tsaka?" in ji Iya. "Kai ma ka san mai tashe in ya gama yana cire gemun audugarsa ya koma ɗan gidansu. Wannan yaushe take cirewa? Kwana goma ina jin su ta bangon nan. Uwani ta shiga, wani ƙato ya yi mata magana daga ƙarƙashin ƙasa, ta amsa. Da kunnena na ji ta amsa. Sai wata ta fito."

"Haba Iya, ai a watan nan an ɗaure su."

"Shi ya sa nake tsoro. Wanda bai ɗauru ba, ka san ba ƙarami ba ne."

Baba ya fito yana share gumi, ya dube ni ya ce, "Ke ma dai. Duk faɗin gidan nan ki rasa wurin karatu sai can?" Don a kwantar mata da hankali ya karɓo rubutu wurin malaminsa, na sha bayan magariba, aka turara soron da habbatus-sauda. Na sha ina ƙunƙuni. A raina ina cewa ga irin duhun kan da nake so in fita daga ciki.

Amma kwana uku, huɗu, abin ya fara ci na. Ku da ba ku tashi a hannun kaka ba ba za ku gane ba. Matar da ta san kukana tun ban san sunana ba, ina tsaye a gabanta tana tambayar Umma, "Har yanzu ba labarin Uwani?" Na ce to, bari in mayar mata da abinta. Da magariba na durƙusa na ce, "Tsohuwa, ungo, kada ki mutu a kaina." Ni kaina na ji yadda ya fito, a wanke, a goge, kamar ina karanta allo. Iya ta yi wani irin ja da baya har kanta ya bugi bango.

"La'ilaha illallahu," ta ce a hankali. "Har wannan ta haddace."

Ranar Alhamis ta mako na uku Malama Rifkatu ta riƙe mu gwaji, ban dawo ba sai bayan la'asar. Na tarar da Umma a tsakar gida ta tasa turmi a gaba ba ta daka komai. Ta dube ni, ta dubi takalmina da ƙurar hanya a kai.

"Yanzu kika shigo?"

"Yanzun nan."

"Ba ki dawo da azahar kin sake fita ba?"

Na ce a'a, me ya faru? Ta ce Iya ta ce da rana an kira ta daga soro, sau uku, "Iya, Iya, Iya," da muryar nan tawa ta yanzu. Na ce ai kin san Iya. Umma ta ce, "Ina kwance a rumfa. Ni ban ji suna ba. Amma na ji gunjin randar nan, har na ce a raina yarinyar nan ba ta jin magana."

Na tafi soron. Ba kowa. Randuna biyar a jere, faifan da na rufe babbar da shi yana ƙasa. Wataƙila iska ce, don ranar an yi guguwa a unguwa. Wataƙila mage. Na faɗa wa kaina wannan a lokacin, kuma shi nake faɗa har yau. Amma ban leƙa cikin randar ba, kuma ban ƙara taka soron ba.

Daina shiga bai gyara komai ba. Kullum da rana in gida ya kwanta sai in zo in zauna a dokin ƙofar Iya, daga waje. Tun ina yi mata bayani har na koma roƙo. In tuna mata ranar da kunama ta harbe ni ta goya ni har gidan mai magani. In tuna mata inda take ɓoye goronta. In yi kuka har majina. Mazari yana ta juyawa, bai ko canza sauti ba.

Goman ƙarshe na shiga zafi ya kai maƙura. Hadari ya haɗu a gabas kullum da yamma, baƙi ƙirin, a ji ƙamshin ruwa, sai iska ta watsa shi. Ran ashirin da uku Iya ta faɗi a hanyar bayan gida. Jikinta kamar garwashi, leɓe ya tsage, harshe ya yi fari. Baba ya ɗauko wani malamin asibiti na unguwarmu, ya duba ta ya ce ruwan jikinta ne ya ƙare, a ba ta ruwa yanzu-yanzu, kaɗan-kaɗan, in ba haka ba kada a kuka da kowa. Liman ma ya aiko cewa azumi ya faɗi a kanta. Umma ta kawo moɗa. Iya ta datse haƙora.

"Sai Uwani ta dawo," ta ce. "Na gaji da ruwan aro. Ita za ta ba ni."

Baba ya roƙa, har da hawaye a gemunsa. Ta ƙi. Aka kai azahar, aka wuce. Numfashinta ya koma sama-sama. Baba ya juyo ya dube ni, na ji abin da idonsa ya faɗa: ke kika ɗebo, ke za ki sauke.

Na fita zaure na tsaya. Na nemi muryata ta da, wallahi tallahi na neme ta kamar yadda ake laluben allura a tabarma, ban same ta ba. In na buɗe baki sai ɗayar ta fito. Nan tsoro na gaske ya kama ni, wanda ya fi na soro. Sai maganar Malama Rifkatu ta dawo mini, cewa kafin ka ari maganar mutum sai ka ari jikinsa. Na tambayi kaina, yaya Uwani take tafiya? Tana jan silifas, na hagu ya fi ƙara don ya tsinke an ɗaure da waya. Kafaɗarta a sake. Numfashinta a ciki yake, ba a ƙirji ba. Tana shigowa gida da mita tun daga zaure, kuma ba ta gama kalma, tana haɗiye ƙarshenta. Na cire takalmin makaranta, na lalubo tsohon silifas ɗin a bayan ƙofa. Na yi gwaji sau biyu a zaure, a hankali, kamar yadda muke yi kafin a buɗe labule.

Sannan na shigo. Na ja ƙafa, na yi tuntuɓe da bokiti da gangan, na ja tsaki.

"Wash! Wannan rana sai ka ce a kaina aka hura ta. Salamu alaikum. Wai ina tsohuwar nan, ko ta mutu ne ban sani ba?"

Umma tana bakin ƙofa. Na ga tsigar jikinta ta tashi, ta kama bakinta da hannu, ta matsa gefe ta ba ni hanya kamar baƙuwa. Daga cikin ɗaki, da wata 'yar murya kamar ta kyanwa, aka ce:

"Wa alaikumus salam. Uwani?"

"Da wa kike tsammani? Ungo, kada ki mutu a kaina."

"Ja'ira," ta ce. Sauran bai fito ba, kuka ya ci ƙarfinta. Ta lalubo wuyan hannuna ta riƙe, na tallafi kanta, ta sha. Kurɓi ɗaya, ta huta, ta ƙara. Ta shanye moɗa biyu kafin la'asar. Baba ya fita zaure da sauri don kada mu ga fuskarsa.

Ranar aka mayar da tabarmata ɗakinta. Kwana biyu bayan haka ruwan farko ya sauka, aka fito da randuna duka biyar muka tara a bakin indararo, yara suna ihu a lungu, ƙasa tana ƙamshi. Iya ta ɗan farfaɗo, har ta nemi mazarinta, amma ba ta ƙara tashi da ƙafarta ba. Bayan Sallah da kwana shida ta rasu.

Duk kwanakin nan ban saki wasan ba ko na minti ɗaya a gabanta. Kullum in na dawo daga makaranta sai in tsaya a zaure, in canza takalmi, in sassauta kafaɗa, in saukar da numfashi, sannan in shiga. Na yi ta jira ranar da abin zai daina zama wasa ya koma ni, ba ta zo ba. Wasan makaranta ma na yi shi daga baya, aka yi ta tafi, Malama Rifkatu ta rungume ni. Ban tuna komai a cikinsa ba.

Abin da na tuna shi ne jajibirin Sallah, da hantsi. Umma tana tsakar gida tana tsefe kai, ni ina zaune ina yi wa Iya fifita. Sai ta jawo ni kusa, ta sa bakinta a kunnena kamar mai tsoron a ji.

"Uwani, da ba kya nan wata ta zo."

Na ce, "Wace ce?"

"Oho. Da siffarki ta zo, duk ta ruɗe su, har ubanki. Ta san komai namu, har maganar kunama. Kullum da rana sai ta zauna a bakin ƙofar nan tana kirana tana kuka." Ta murza yatsuna. "Kuka fa na gaske, Uwani. Har tausayi ta ba ni. Wata rana saura kaɗan, bakina har ya buɗe. Amma na ce in na amsa mata, ke ba za ki sami hanyar dawowa ba. Kwana goma sha biyu, ko sau ɗaya ban amsa ba."

Tana murmushi, tana jira in yaba mata. Na saukar da numfashina ciki inda ya kamata, na ja ƙarshen maganar yadda Uwani take ja.

Na ce, "Kin kyauta, tsohuwa. Da kin amsa mata da na ci ƙaniyarki."